Haske Ma Sai Ya Yi Sallama

Gwaggo Tasalla ta dire kwalba uku a gabana,
zumar Ningi, mai duhu kamar shayin da aka manta a wuta.
Ta ce, "Ɗauke su hoto.
Mutanen waya ba sa ɗanɗane,
ido suke aikewa kasuwa."

Ni ba ni da situdiyo.
Teburin guga gare ni, mai ɗingishi,
na cusa masa murfin lemo a ƙafa, ya daina rawa.
Kalandar bara ta shagon siminti
na juya bayanta, fari tas,
na kafe ta da ƙusa biyu, na bar ta ta zubo bisa tebur
don kada a ga inda bango ya ƙare.

Filashar kuwa gwanjo ce daga Wunti.
Mai shagon ya rantse ta halarci biki ɗari.
An ɗaure mata ƙugu da salatif,
batir huɗu take haɗiya,
sai ta yi kukan sauro kafin ta yarda ta haska.

Na harba kai tsaye.
Kwalba ta fito da farin tabo a goshi,
inuwarta ta maƙale a baya
kamar ɓarawon da tocila ta kama.
Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata:
"Wannan ai baƙin mai ne. Kai wa bakanike."

A nan na gane
haske baƙo ne marar ta ido
in ya faɗo ɗaki ba sallama.
Na juya fuskarta ga bango,
ya je ya gaida farar ƙasa, ya dawo da ladabi.
Na huda kwalin taliya, na yafa masa tsohon ɗankwali,
ya tato a hankali kamar ƙullun koko.

Haliru, ɗan aji huɗu,
shi ke riƙe da murfin tukunya ta ɗaya gefen,
ladansa lasar cokali.
Karkata kaɗan.
A'a, ka zarce.
Kai, daina shan majina, kana girgiza mini rana.

Har aka kira la'asar a masallacin Jahun
zuma ba ta buɗe baki ba.
Gajiya ce ta sa na aje filasha a bayan kwalba,
hannuna ya taɓa maɓalli bisa kuskure.

Sai ga ta.
Wuta ba hayaƙi.
Ja-ja, ruwan zinare a wuya, duhu-duhu a gindi,
da ƙananan kumfa a tsaye cak
kamar masu jiran liman.
Ba wanda ya yi magana. Ko Haliru.

Da na buɗa hoton da yatsu biyu
na tarar da mu duka a cikin kwalba:
ni a duƙe, kaina ya yi tulu,
Haliru da harshe a waje,
buta, igiyar shanya,
Gwaggo a bakin ƙofa ta yi tagumi,
na san kuɗin haya take lissafawa.
Gilashi ba ya rufa wa kowa asiri.

Na samo baƙar leda, na tare mu da ita.
Na sake ɗauka, muka ɓace.
Saura zuma kaɗai, a wani farin wuri
da babu zafi, babu bashi, babu ƙuda.
A hoto na arba'in da bakwai batir ya cika.

Kwana biyu, wata mata daga Kaduna
ta ce a aika mata dozin,
ta kuma tambaya wane kamfani ya yi mana hoto.
Gwaggo ta yi dariya har ɗankwali ya zame:
"Ce mata kamfanin siminti."

Mai tsabtar shi ke yawo a wayoyin mutane.
Ɗayan, wanda muke ciki,
yana nan wurina.
Wani dare in an ɗauke wuta
nakan buɗe shi, in matso da fuskar Gwaggo,
ƙarama kamar ƙwayar gero,
tana iyo a cikin zumarta.